Aikin rile mai ƙidayar lokaci a Hiace ɗin Kawu

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Motar Toyota Hiace ce mai injin fetur 2TR, irin wadda 'yan tasha ke kira Homa, tana jigila tsakanin Kano da Daura ta Kazaure. Kafin azumi Kawu ya sa an ɗaura mata fankoki huɗu a rufi da soket shida na cajin wayar hannu a jikin kujeru, domin fasinjan yanzu yakan tambayi caji kafin ya tambayi kuɗin mota. Wanda ya yi aikin ya jawo waya ɗaya kai tsaye daga kan batir, ya sa makunni kusa da giya, ya karɓi kuɗinsa. Ko fis babu. Duk daren da aka manta da makunnin nan, da asuba sai an nemo masu turi.

Na sa mita na auna. Kowace fanka tana jan amp 0.9, huɗun amp 3.6 ke nan. In suka kwana suna juyi na awa goma sun sha 36Ah, kusan rabin batirin 75Ah da ke motar. Soket ɗin ma ba a zaune suke ba ko da babu wayar kowa a jiki: 'yar shuɗiyar fitilarsu da abin da ke cikinsu suna jan kamar miliamp 15 kowanne.

Kawu bai da dogon bayani. "Kai dai ka yi min yadda ba za a ƙara tura min mota ba." Direbansa ne mai sharuɗɗa. Yana so in ya tsaya shan mai ko sauke kaya fankoki su ɗan ci gaba, kada fasinja su fara yi masa surutu. In an tsaya salla kuma, caji ya kai kamar minti goma sha biyar kafin ya ɗauke. Ni na ƙara biyu nawa: kada komai ya kama sai inji ya tashi ya daidaita, kuma idan lokaci ya cika, da'irar ta yanke wa kanta wuta gaba ɗaya, kada ta zauna tana tsotsar batir da sunan gadi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yau ban taɓa ayan ɗin dalma ba. Tambaya ɗaya na yini a kai: ta ina da'irar za ta san inji yana aiki?

Hanya mafi sauƙi ita ce layin ACC ko layin IG na makulli, waɗanda ke samun wuta da an murɗa makulli ko inji bai tashi ba, kuma ita yawancin rewayoyi ke bi. Matsalarta a tasha take. Yaron mota zai murɗa makulli ya kunna rediyo yana jiran mota ta cika, inji a kashe, kaya duk a kunne. An koma gidan jiya. Hanya ta biyu ita ce auna ƙarfin batir: cikakken batir a huce yana nuna volt 12.6, in altaneta tana caji ya hau 13.8 zuwa 14.4. A takarda abin ya yi kyau. Amma batirin da aka kashe wa inji yanzu yakan daɗe a sama da 13 kafin ya sauko, sannan da daddare a cunkoso, fitilu a kunne inji yana silo, yakan faɗo ƙasa da 13 alhali inji na aiki. Sai rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa ba hannu ba, ya riƙa kamawa yana saki.

Na ɗaga kujerar gaba, inda injin Hiace yake, na nemo filogin altaneta. Wayar L, wadda ke kunna jar fitilar batir a dashbod, ita na auna. Makulli a kashe, sifili. Makulli a kunne inji bai tashi ba, wajen volt 1. Inji ya tashi, 14.1. Wannan ita ce shaidar da ba ta ƙarya, domin ba ta hawa sai altaneta ta fara juyi tana ba da wuta.

Sai dai ba a ɗora mata kaya. Na sha ganin an ɗaura rile kai tsaye a kan wannan waya, fitilar batir ta riƙa yin ja-ja a dushe, mai mota ya je ya canza altaneta lafiyayya. Zan ɗebi siginar ta rezista 47k da zena 6.2V (diyod da ba ta barin wuta ta wuce sai ta haura lambarta) zuwa taransista BC547, abin da zai ja bai kai rubu'in miliamp ba. Zenar ce za ta hana volt 1 ɗin nan ruɗar taransistan. Shi kuma BC547 ya buɗe BC327, wanda zai ba da layin da na sa wa suna layin inji: akwai wuta a kansa in inji na aiki, babu in ya mutu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Rile da gidajensu da fis daga Ƙofar Ruwa, ƙananan kaya daga Sabon Gari. Rile masu ƙafa biyar na amp 40 na ɗauka, kuma kowanne sai da na auna kwayil ɗinsa a gaban mai shago: om 85, wato zai ja kamar miliamp 140 zuwa 165 gwargwadon ƙarfin batir.

Ga mai koyo, lambobin da ke gindin rile ba ado ba ne, tsarin Jamus ne mai suna DIN 72552. 85 da 86 su ne kwayil. 30 shigar wuta daga batir. 87 fitarta idan rile ya kama, 87a kuma fitarta idan yana sake. A wannan aikin 87a ba ta da amfani, zan rufe ta da roba.

Mai shagon ya nuna min 'yan allunan ƙidayar lokaci da ake kawowa a haɗe, masu nuna lamba da ja. Suna da arha, kuma suna aiki. Na roƙe shi muka jona ɗaya a batir muka auna: yana zaune bai kama komai ba yana jan sama da miliamp 20. Biyu nake bukata, dare da rana. Na mayar masa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Lissafi.

Jinkirin farko mai sauƙi ne, aikin NE555. Tun 1972 kamfanin Signetics ya fito da wannan 'yar aba mai ƙafa takwas, ƙirar Hans Camenzind, kuma har yau babu teburin mai gyaran rediyo da za ka rasa ta. Ƙa'idarta: lokaci daidai yake da 1.1 sau rezista sau kapasita. Rezista 100k da kapasita 100µF sun ba da daƙiƙa 11. Na haɗe ƙafa ta 2 da ta 6, kapasita daga nan zuwa fozitif, rezista daga nan zuwa nagetif. Da layin inji ya kawo wuta, ƙafa ta 3 za ta yi shiru na daƙiƙa 11 sannan ta hau. A wannan tazarar kik ya gama aikinsa, altaneta ta fara mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. Kapasitan ruwa irin wannan yakan kauce wa abin da aka rubuta a jikinsa da kashi 20 cikin ɗari, to amma ko 9 ya bayar ko 13, babu wanda zai yi ƙara.

Minti goma sha biyar ne 555 ba za ta iya da gaskiya ba. Daƙiƙa 900 na bukatar rezista 1M da kapasita wajen 820µF. A irin wannan girma, wutar da ke bi ta rezistan 'yan microamp ne, kuma kapasitan ruwa yana yoyon kusan haka da kansa, yoyon kuma ƙaruwa yake da zafi. Kamar cika randa mai tsaguwa ne da cokali: wata rana ta cika a makare, wata rana ba za ta cika ba sam. A mota, "ba ta cika ba" na nufin caji ya kwana a kunne.

Don haka na koma CD4060. Ita ba ta jiran babban kapasita ya cika, ƙaramin bugu take yi da sauri tana ƙirgawa. Saurin bugun shi ne 1 a raba da 2.3 sau rezista sau kapasita. Da 470k a ƙafa ta 10, da 100nF a ƙafa ta 9, da 1M a ƙafa ta 11, ana samun bugu 9.25 a daƙiƙa. Q14, ƙafa ta 3, tana hawa bayan bugu 8192: daƙiƙa 886, minti 14 da daƙiƙa 46. Caji ya samu. Q12, ƙafa ta 1, tana hawa bayan bugu 2048: minti 3 da daƙiƙa 41. Fanka ta samu. Aba ɗaya, lokuta biyu.

Direba minti biyu ya ce a fanka. Q11 ce za ta ba da minti ɗaya da daƙiƙa 50, amma masu ƙirar 4060 ba su fito da ita waje ba, daga Q10 sai Q12. Q10 daƙiƙa 55 ce, ta yi kaɗan, ko layin gidan mai ba za ta kai ba. Na kira shi na gaya masa. Ya ce, "Injiniya, ai gara ta yi yawa."

Ƙafa ta 12 ita ce mai mayar da ƙidaya sifili. Muddin layin inji na da wuta tana danne, ƙidaya ba ta motsi. Inji na mutuwa ta sake, agogo ya fara. In direba ya sake tayarwa kafin lokaci ya cika, ƙidaya ta koma farko.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na haɗa a allon gwaji, tsohon batir a ƙarƙashin tebur, kwan fitilar birki biyu a madadin fanka da caja.

Dabarar riƙon ita ce zuciyar aikin. Kowane rile BC337 ne ke ja masa ƙafa ta 85 zuwa nagetif. 555 ce ke fara kunna taransistan. Da rile ya kama, sai wuta ta dawo daga 87 ɗinsa ta wata rezista zuwa gindin taransistan, ya riƙe kansa da kansa ko 555 ta mutu. Idan Q12 ta hau, wani ƙaramin taransista ya janye gindin na fanka zuwa ƙasa, rile ya saki, 87 ta mutu, babu sauran abin riƙo. Q12 za ta sake sauka bayan wasu mintuna, amma a banza, babu mai tayar da rilen sai inji. Na caji haka yake da Q14, da ƙari ɗaya: 4060 kanta daga 87 ɗin wannan rile take shan wuta, ta diyod da 7809, mai daidaita wuta a volt 9. In ya saki, ita ma ta mutu.

Kowane kwayil na sa masa diyod 1N4007 a gicciye, zanen zoben yana duban 86. Kwayil idan aka yanke masa wuta farat ɗaya yakan yi tsartuwar da ta ninka volt 12 sau da yawa, kuma taransista ne ke shan ta. A bakin shigar wuta na sa 1.5KE18A, diyod mai shanye tsartuwar wuta, saboda NE555 ba ta wuce volt 16, ita ma 4060 iyakarta 18, wutar mota kuwa ba mai ladabi ba ce, balle ranar da kan batir ya kwance inji na gudu.

Sakamako: kwan farko ya mutu a minti 3 da daƙiƙa 44, na biyu a 14 da 58. Bayan nan na sa mita a ma'aunin miliamp tsakanin batir da allon. 0.00.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gwajin zafi. A Kano a watan nan inuwa ma tana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan haura 60. Na sa allon a gwangwani na ɗora a kan rufin kwano bayan azahar.

Minti 15 ɗin ya dawo 11 da 'yan kai. Ba 4060 ba ce, ba rezista ba ce. Ɗan kapasitan tangaran ne mai lamba 104, irin mai kama da ƙwayar magani. Masu arhar cikinsu, ajin Y5V, ƙa'idarsu ta yarda su zubar da har kashi 82 cikin ɗari na ƙarfinsu a ƙarshen zafi ko sanyi. Kapasita ya ragu, bugu ya ƙara sauri, lokaci ya gajarce. Na cire shi na sa na leda, koren nan mai sheƙi, shi ma 100nF. Na mayar kan rufi: minti 14 da daƙiƙa 51.

Kapasitocin ruwa duka na duba jikinsu, masu 85°C na canza da masu 105°C. Na kwashe komai zuwa allon dalma.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ɗauri a mota. Kawu ya hana ta lodi yau, don haka tun safe nake ciki, yaron mota yana miƙo min kaya.

Tsohuwar wayar da aka ja daga batir na fara cirewa. A ido jan ƙarfe ce. Na kankare silinta ɗaya da reza, sai ga fari a ciki. Na sa mata ashana, ta lanƙwashe ta marmashe. Alminiyom ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Irinta tana tare wuta fiye da ta gaske da kamar rabi, tana karyewa a wurin girgiza, kuma dalma ba ta kama ta da kyau. Robarta ta riga ta yi laushi a inda ta ratsa ƙarfen bodi ba tare da zoben roba ba. Na nuna wa Kawu wurin. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ne dai ya tsare."

Sabon ja: waya 4mm² daga batir, fis na amp 30, kore, tazarar taƙi ɗaya daga kan batir. Fis ba fanka yake karewa ba, waya yake karewa, shi ya sa wurinsa shi ne farkon waya, ba ƙarshenta ba. Tsawon zuwa akwati mita biyu da rabi. Jan ƙarfe yana da om 0.0175 a kowace mita ga kaurin 1mm², saboda haka wannan ja om 0.011 ne, a lodin amp 16 asarar ba ta kai volt 0.2 ba.

Lodin caji na ƙiyasta shi a mafi muni: wayar hannu goma sha biyu, biyu a kowane soket, kowace wat 10, a ƙara asarar soket, kamar amp 10. Na raba shi reshe biyu, dama da hagu, kowanne waya 1.5mm² da jan fis na amp 10. Fanka reshe ɗaya, fis 7.5, ruwan ƙasa. Allon kansa fis na amp 2. A minti goma sha biyar na bayan kashe inji, ko kowa na caji, abin da zai fita daga batir 2.5Ah ne, na fanka kuma bai kai rubu'in 1Ah ba. Batirin 75Ah ba zai ji ba.

Akwatin ban sa shi kusa da inji ba, ƙarƙashin dashbod ɓangaren fasinja na ɗaure shi, ƙafafun rile suna duban ƙasa don kada ruwan wanki ya taru a ciki. Nagetif duka wuri ɗaya, a kan ƙusar bodi da na goge wa fenti har ƙarfe ya fito. Kawunan waya matsewa na yi da filaya ta matsi, ban yi musu dalma ba, domin dalma takan bi cikin sili ta sandarar da waya, ta karye daidai inda taurin ya ƙare.

Direba ya tayar. Muka ƙirga tare, a sha ɗaya fankoki suka juya. Ya kashe, suka ci gaba, suka tsaya a kan lokaci. Magariba ta yi, na tafi kafin na caji ya cika.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Da sassafe yaron mota ya kira. "Yaya, shuɗiyar wutar nan fa ba ta mutu ba, har asuba tana nan."

Na je na zauna a motar da agogo a hannu. Minti 14 da daƙiƙa 50, rile ya yi ƙas, fitilun soket suka dushe. Kafin in ɗauke ido ya sake yin ƙas, suka dawo. Sabuwar ƙidaya ta fara. Haka ya kwana yana yi.

Mita a kan 87 ta warware zancen. A tebur kwan fitila ne lodin, shi kuwa da an yanke wuta yake shanye ragowar nan take. Soket ɗin caji ba haka suke ba. Kowanne da kapasita a bakinsa, kuma idan wuta ta sauko wajen volt 6 sai ya daina aiki, ya daina ja. Ragowar ta maƙale a layin, tana sauka a hankali daga 6 zuwa 5. A wannan matakin, bayan abin da diyod da 7809 suka ci, abin da ke isa 4060 bai kai volt 3 da take bukata ba, sai ta saki Q14. Amma volt 5 ya ishi rezistar riƙo ta kunna BC337, shi kuma kwayil ƙafarsa ta 86 tana kan cikakken batir. Mai hanawa ya riga mai riƙewa mutuwa.

Gyaran kaya uku ne. Zena 9.1V a jere da rezistar riƙo, rezistar kuma na rage ta zuwa om 680. Yanzu sai 87 ta haura kamar volt 9.8 kafin riƙo ya yi aiki, ragowar volt 5 ko 6 ba ta isa ta tsallake ba. Sannan kapasita 470µF a bayan diyod ɗin 4060, don ta ƙara daƙiƙa guda a raye tana danne da Q14. Na yi wa ɓangaren fanka irin wannan zenar, tunda fanka mai juyawa bayan an yanke mata wuta ita ma tana mayar da 'yar wuta a layi.

Da gangan na zaɓi 9.1 maimakon 8.2. Lokacin da kik ya fizga, batir yakan nutse ƙasa da volt 10 na ɗan ƙiftawa. In direba ya sake tayarwa fankoki na kan juyi, wannan nutsewar kaɗai ta isa ta saki rile biyun, kik ya samu batir shi kaɗai, bayan daƙiƙa 11 kaya su dawo.

Na jira ta cika. Ƙas ɗaya, shiru. Na cire kan nagetif na batir na sa mita a tsakani: miliamp 28, kuma ko na zare koren fis ɗina lambar ba ta motsa. Na motar ne, agogo da rediyo da kwamfutar inji.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mota tana kan hanya tun Litinin. Ba a tura ta ba. Ƙorafi ɗaya: fasinjan da ke gaba ya ce rediyo na yin zuu idan fankoki suka kama. Burushin motar fanka ne. Na sa wa kowace kapasita 100nF a bakin wayoyinta, na tangaran ɗin nan da na cire a baya da 'yan uwansa, nan wurinsu ne. Ƙarar ta ragu sosai a FM, a AM akwai saura.

Tsohon makunnin na mayar da shi kan layin fanka kaɗai, don lokacin hunturu.

Asabar, 10 ga Mayu

Na buɗe akwatin na duba. Ƙura ta shiga ta ramin waya, na toshe da silikon. Babu kan wayar da ya canza launi, gidan rilen caji da ɗumi kaɗan bayan tafiyar Daura, na fanka sanyi ƙalau. Lokuta: daƙiƙa 12, minti 3 da 43, minti 14 da 53.

Abu biyu suka rage. Na farko kariyar batir mai rauni. Zenar riƙo tana sakin rile ne a wajen volt 10.5, wanda ya yi ƙasa ƙwarai, batirin da ya kai nan ba zai juya kik ba. Ina so caji ya ɗauke a volt 12.0 idan inji a kashe yake, ko lokaci bai cika ba. TL431 zan gwada, mai ma'aunin volt 2.5 a cikinta, da rezista biyu masu raba wuta, da ɗan jinkiri don kada kunna fitilar birki ya firgita ta.

Na biyu fitilar ciki. Direba yana so idan an buɗe ƙofar gefe da daddare fitilu su kama, su ƙara kamar daƙiƙa 45 bayan an rufe, fasinja su ga kayansu. Lissafin 555 ne kawai, 390k da 100µF sun ba da daƙiƙa 43. Wahalar ita ce dole ta farka alhali duk allon a mace yake, kuma ba na so in ɓata 0.00 ɗin nan. Makunnin ƙofa nagetif yake bayarwa idan an buɗe, to zai iya jan gindin wani BC327 kai tsaye, shi ya tayar da rile na uku mai riƙe kansa. Saura abin da za a yi da ƙofar da aka bari a buɗe awa biyu ana lodi a tasha. Q14 ba za ta taimaka ba tunda 4060 tana barci a lokacin. Ko dai in ba wa reshen fitila tasa 4060, ko in sa ƙofa ta tayar da allon gaba ɗaya. Na zana duka biyun, na sayo 4060 ta biyu, gwajin tebur ranar Laraba in Allah ya kai mu.